Littafin aiki: kalmomin rauni a Turanci

6 ga Janairu 2025

Aikin da na ɗora wa kaina a farkon shekarar nan ƙarami ne a baki. Ina so in tattaro kalmomin Turanci da ke nufin rauni ko rashin ƙarfi, in rubuta wa kowace bayani da Hausa a kan kati guda, yadda mai fassara ko ɗalibi zai duba ya san wadda zai ɗauka da wadda zai bari. Sau da yawa idan ka tambayi ma'anar "weak" da "feeble" da "frail" da "infirm", amsa ɗaya za a ba ka: marar ƙarfi. Amsar ba ƙarya ba ce, amma ba ta fid da mutum kunya ranar da zai fassara rahoton likita ko ya rubuta wa wani babba takarda.

Turawan da kansu sun daɗe suna fama da wannan. Hester Piozzi ta fitar da littafinta na kalmomi masu kusancin ma'ana a 1794, George Crabb ya biyo da nasa a 1816, dukansu suna ƙoƙarin rarrabewa ne. Shi kuwa Peter Mark Roget, da ya fitar da nasa a 1852, tarawa ya yi rukuni-rukuni, ya bar wa mai karatu aikin zaɓe. Na Roget ne ya fi yaɗuwa, kuma irinsa ne ɗalibai ke buɗewa a waya su ɗauko kalmar da ta fi tsawo don malami ya ga sun iya. Daga nan ɓarnar take farawa.

Abu uku zan sa a kowane kati: inda kalmar ta fito, kalmomin da ta saba tafiya da su, da abin da ke zuciyar mai faɗinta.

13 ga Janairu 2025

Na fara da "weak", uwar gidan duka. Ba 'yar asalin Ingila ba ce yadda ake zato. Tsohon Turanci yana da tasa mai kama da ita, "wac", mai nufin abin da ke lanƙwasuwa, amma wadda ake amfani da ita yau ta shigo ne daga bakin mutanen Sikandinebiya, 'yan "Viking" da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9. Tasu ita ce "veikr", kuma wajen shekara ta 1300 ta fara bayyana a rubuce. Tushen ma'anar shi ne abin da in an danna shi sai ya ba da kai.

Faɗinta ya wuce a ƙirga. Bugun zuciya, siginar waya, hujjar lauya, kuɗin ƙasa a kasuwar canji, gwamnatin da ba ta iya zartar da doka, ɗalibin da lissafi ke ba shi wuya, duk "weak" ake ce musu. Masu fassara ilimin hadisi ma ita suke sa wa hadisi mai rauni. Abin da na rubuta a katin shi ne: kalmar awo ce, ba ta zagi ba ta lallashi. Kullum akwai wani nauyi da ake gwada abin da shi, sai aka ga bai kai ba. Ƙato mai ɗaga buhu yana iya zama "weak" bayan zazzaɓin kwana biyu, ya kuma warware. Ba ta cewa abin zai dawwama.

Wani abin dariya da na ci karo da shi a nahawu. Jacob Grimm, Bajamushen nan masanin harshe, shi ya raba fi'ilai gida biyu a littafin nahawunsa da ya fara fita a 1819: masu ƙarfi, waɗanda ke canja wasalin cikinsu su nuna lokacin da ya wuce, kamar "sing, sang, sung", da raunana, waɗanda sai an jingina musu ɗafa-ƙeya, kamar "walk, walked". To raunanan nan su suka cinye fagen. Duk sabon fi'ilin da ya shigo Turanci gidansu yake sauka, har sun janye wasu daga cikin masu ƙarfin: "help" a da "holp" ake cewa, yanzu "helped".

16 ga Janairu 2025

Wani abokin aiki ya ba da shawarar a jera kalmomin kamar tsani, daga ƙaramin rauni zuwa babba, a sa musu lamba. Zai yi kyan gani a allo, amma ba zan bi ba. "Feeble" ba "weak" ba ce da aka ƙara wa awo, "fragile" kuma ba ta kan tsanin gaba ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Bambancinsu ya fi zama a wurin tambayar da kowace ke amsawa: ƙarfin yin abu ne ya gaza, ko ƙarfin jure abu? Mai maganar tausayi yake ji, ko reni, ko gargaɗi yake yi?

27 ga Janairu 2025

"Feeble" ta ɗauke ni lokaci, kuma ta cancanta.

Ta shigo da Faransancin da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka kawo bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Asalinta na Latin "flebilis" ne, wato abin da ya isa a yi masa kuka. Da ka san haka sai halin kalmar ya fito fili. Ba awo take yi kawai ba, kallon abin take tana girgiza kai. Muryar majinyaci da ba ta kai bakin ƙofa, hasken fitilar da batirinta ya kusa mutuwa, hannun da ya ɗago don gaisuwa ya kasa: nan tausayi ne, kuma kumama ko kumamanci na kusa da ita a Hausa.

Amma tausayi da reni maƙwabtan juna ne. Da zarar an ɗora ta kan abin da mutum ya yi da gangan, sai ta juye. "A feeble excuse" uzuri ne da mai sauraro ke jin kunya a madadin mai kawo shi. "A feeble attempt" ƙoƙari ne na jeka-na-yi-ka. In ka ce hujjar mutum "weak" ce, kana nan cikin muhawara, kana nuna masa inda ta gaza, yana iya gyarawa. In ka ce "feeble" ce, ka gaya masa bai ma cancanci amsa ba. Editan da ya musanya ɗaya da ɗaya a sharhin jarida ya canja zafin rubutun ba tare da ya taɓa ko hujja guda ba.

Akwai kuma tabon da ke jikinta. "Feeble-minded" ta taɓa zama kalmar doka da ta asibiti. Dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1913 kan masu naƙasar ƙwaƙwalwa ta sa ta cikin rukunan mutanen da za a iya killacewa, kuma dokar ta zauna har 1959. A Amurka abin ya fi muni. A 1927 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 8 a kan 1, ta amince jihar Bajiniya ta yi wa Carrie Buck tiyatar hana haihuwa ba da yardarta ba, bisa cewa tana cikin wannan rukuni. Dubban mutane aka yi wa haka bayan hukuncin. Na sa jan layi a katin: kalmar nan ba a kiran mutum da ita yau, ko da wasa. In ta fito a tsohuwar takarda, a fassara ta a matsayin kalmar zamaninta, a kuma nuna hakan.

10 ga Fabrairu 2025

"Frail" da "fragile" uwa ɗaya ta haife su, wato "fragilis" ta Latin, daga fi'ilin da ke nufin karyawa. Ta farko ta biyo ta bakin Faransawa, ta goge ta gajarce a hanya, ta iso Turanci a ƙarni na 14. Ta biyu masu ilimi ne suka ɗauko ta daga littafi a ƙarni na 16, shi ya sa ta iso da kayanta cikakku. Daga baya suka raba gado. "Frail" ta riƙe mutum, musamman tsoho. "Fragile" ta riƙe kaya da al'amura.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shekaru a sashen tsofaffi, don haka na kira ta.

"Yaya, in likita ya rubuta 'frail' a fayil ɗin majinyaci, rashin ƙarfi yake nufi?"

"Kai dai ka cika son gajeriyar amsa," in ji ta. "Tsoho na iya zuwa da ƙafarsa, ya gaishe ka da kyau, mu kuma rubuta haka. Abin da muke nufi, ba shi da ajiya. Murar da za ta kwantar da kai kwana biyu, shi sai ta kai shi gado wata guda, ya tashi bai koma yadda yake ba."

Wannan kalma ta ajiya ita na sa a katin. Na kuma bi diddigin maganar, na tarar likitocin tsofaffi sun mayar da "frailty" abin aunawa. A 2001 Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka fitar da alamomi 5: ramewa ba da niyya ba, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsa jiki. Mai 3 ko fiye ya shiga rukunin, mai 1 ko 2 yana bakin ƙofa. A 2005 Kenneth Rockwood na jami'ar Dalhousie a Kanada ya kawo wani ma'auni na matakai 7, daga baya aka mai da shi 9, wanda asibitoci da dama ke amfani da shi wajen yanke shawarar ko tsoho zai jure tiyata. Lura da cewa raunin hannu ɗaya ne kawai cikin biyar ɗin Fried. Ke nan "weakness" ɓangare ne na "frailty", ba kishiyarta ba, ba kuma ita ba. Mai fassarar da ya sa rashin ƙarfi a wuraren biyu ya haɗe abin da likita ya raba da gangan.

A wajen asibiti "frail" kalma ce mai ladabi. Ɗa zai iya cewa mahaifiyarsa ta zama "frail" ba wanda zai ga ya ci mutuncinta. Da zai ce "feeble", sai a ɗaga ido a dube shi. "Frailty" kuma tana da tsohuwar ma'ana ta wa'azi, "human frailty", saurin faɗawar ɗan Adam cikin kuskure. Nan ba ni da wahala, ajizanci ya zauna daram.

"Fragile" ita ce ake mannawa a jikin kwali mai gilashi. Ba ta cewa abin ya gaza a aikinsa. Kofin tangaran yana aikinsa sarai shekara hamsin, muddin bai faɗi ba. Gargaɗi take yi: a bi a hankali. Shi ya sa 'yan jarida ke son ta wajen tsagaita wuta, da gwamnatin haɗaka, da tattalin arzikin da ya fara farfaɗowa. Gwamnati "weak" ba ta iya yin abu, gwamnati "fragile" tana iya yi amma ƙuri'a ɗaya a majalisa ta isa ta wargaza ta. Masu harkar diflomasiyya sun san wannan. Jadawalin ƙasashe da cibiyar Fund for Peace ta Washinton ke fitarwa duk shekara a da sunansa "Failed States Index", a 2014 aka mai da shi "Fragile States Index". Na farko hukunci ne an gama, na biyu ya bar ƙofa a buɗe. Ko canjin sunan ya sauya wani abu a ƙasashen da ke saman jadawalin, wannan wata magana ce daban.

19 ga Fabrairu 2025

Gautsi. Yau kam Hausa ta biya ni, domin "brittle" gautsi ce ba ragi ba ƙari: abu mai tauri wanda ba ya lanƙwasuwa, sai dai ya ɓalle farat ɗaya. Ta wani fanni ma kishiyar "weak" ce ta asali, tunda waccan lanƙwasuwa take nufi. Lu'ulu'u ya fi kowane dutse tauri, amma guduma na tarwatsa shi.

Misalin da na zaɓa wa katin na injiniyoyi ne. A yaƙin duniya na biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa na dakon kaya sama da 2,700 da ake kira Liberty, ta hanyar walda maimakon ƙusa. Wasu sun tsage, har akwai waɗanda suka rabe biyu. Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen da aka yi amfani da shi, in ya shiga ruwa mai tsananin sanyi kamar na arewacin Atilantika, sai ya daina ba da kai ya koma mai gautsi, tsaga ɗaya ta bi shi ta zarce. Ƙarfen yana ɗaukar nauyinsa, abin da ya rasa shi ne sassauci. Haka in an ce murya ko dariyar mutum "brittle" ce: a waje ta ƙame, amma mai kunne ya san saura kaɗan ta fashe.

3 ga Maris 2025

Guda uku na gama a zama ɗaya, ba su da rikici sosai.

"Infirm" ta takarda ce, ta hukuma da masu dokoki, kusan kullum tana maƙale da tsufa, kamar a "the aged and infirm". Ma'anarta marar tsayuwa, kuma daga gare ta aka sami "infirmary", ɗakin jinya, sunan da wasu tsofaffin asibitocin Birtaniya ke ɗauke da shi har yau, kamar na Edinbara da aka buɗe a 1729. Ba a jin ta a hira.

"Decrepit" ta abin da tsufa da amfani suka cinye ce: sukurkutacciyar mota, ginin da ya zaizaye. A kan mutum rashin kunya ce, sai dai in shi ya faɗa wa kansa cikin raha. "Puny" kuwa ta fito daga Faransanci mai nufin wanda aka haifa daga baya, wato ƙane, ta koma nufin ɗan tsurut marar ƙwari. Reni ne zalla.

17 ga Maris 2025

Na tsallaka zuwa raunin hali, inda sunaye suka fi sifofi aiki: "weakness", "failing", "foible", "flaw", "vice". Nan kam akwai ɗan tsani, amma na yawan zargi ne, ba na girman rauni ba.

"Foible" ce ta fi ba ni sha'awa. Tsohon rubutun kalmar Faransanci ne da ta haifi "feeble", sai dai ita ta shigo a ƙarni na 17 ta hannun masu wasan takobi. Ruwan takobi kashi biyu ne a wurinsu: daga tsakiya zuwa tsini shi ne "foible", inda abokin karawa zai iya ture shi cikin sauƙi, daga tsakiya zuwa ƙota kuma "forte", inda ƙarfin yake. Duka biyun sun bar filin wasa sun koma kan halin mutum. "Forte" ta zama abin da ka fi gwanancewa a kai, "foible" ta zama ɗan halin nan da masoyanka ke murmushi a kansa: malamin da ba ya iya wuce kuskuren rubutu a allon talla bai tsaya ya gyara ba, kakan da ke maimaita labari ɗaya duk zama. Ba a kiran cin amana ko sata "foible". Wanda ya kira su haka wanke mai laifi yake yi, kuma mai fassara ya kamata ya gane an yi wankin.

"Failing" ta fi ta nauyi, gazawa ce a inda ake sa ran mutum ya tsaya. "Flaw" tsaga ce a cikin ginin abu tun farko, ko a dutse mai daraja, ko a tsarin inji, ko a hali. "Vice" ta fita daga rauni ta shiga mugun hali da aka saba.

Na nuna wa wani dattijo da ya koyar da ni fassara waɗannan katunan. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Ina 'a weakness for'?"

"Tana ƙarƙashin 'weakness', Malam."

"Fitar da ita, ka ba ta katinta. Yaran nan kullum suna fassara ta da rashin ƙarfi. Mutum ya ce yana da 'weakness for' tsofaffin littattafai, su rubuta wai ba ya iya karanta su."

"To da me zan fassara ta, Allah ya gafarta Malam?"

"So ne da ya fi ƙarfin mai shi. In kuma wani ne ke amfani da son don ya juya shi, ka ce ya gano lagonsa."

Na yi yadda ya ce. 'Yar kalma ɗaya ce ke juya ma'anar: "weakness in" gazawa ce a wani fanni, "weakness for" ƙauna ce da ba a iya danne ta.

31 ga Maris 2025

"Vulnerable" ta fito daga "vulnus", wato ciwon sara ko suka a Latin, ma'anarta wanda za a iya ji wa ciwo. Nan Hausa ke iya jefa mai fassara a rami, tunda rauni a wurinmu yana nufin rashin ƙarfi, yana kuma nufin ciwon da aka ji. Sai a ga kamar an dace, a rubuta masu rauni a wuce. Wani lokaci ya yi, kamar a maganar yara da tsofaffi a sansanin gudun hijira. Amma kalmar ba ta magana kan ƙarfin abin, tana magana kan inda yake a buɗe ga cutarwa. Runduna mai makamai tana zama "vulnerable" yayin tsallaka kogi. A jadawalin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na halittun da ke fuskantar ƙarewa, "vulnerable" mataki ne a ƙasa da "endangered", kuma zaki na Afirka a nan yake. Ba wanda zai ce zaki kumama ne.

Masu tsaron kwamfuta sun raba kalmomin biyu raba ta sosai, har da rajista daban-daban da cibiyar MITRE ta Amurka ke kula da su. Ɗaya, CWE, tana lissafa ire-iren kuskuren da ake yi wajen rubuta manhaja, su ne "weakness". Ɗayar, CVE, wadda aka fara a 1999, tana ba da lamba ga takamaiman ɓaraka a takamaiman manhaja wadda ɗan kutse zai iya bi ya shiga, ita ce "vulnerability". Manhaja na iya ɗauke da kuskuren shekaru ba a sami hanyar cin ta da shi ba. A katin na sa rauni ga ta farko, kafa ko ɓaraka ga ta biyu, na kuma aika wa wani mai wannan sana'a ya duba ko haka suke faɗa a tsakaninsu.

Saura "faint", "flimsy", "debility" da "enervate". Kafin su akwai wadda Yaya ta matsa in yi: bambancin "weakness" da "fatigue" a bakin likita. Majinyaci kan ce ba shi da ƙarfi, alhali gajiya yake nufi, shi kuwa likita in ya rubuta "weakness" yana nufin ya gwada tsokar da hannunsa ya ba ta maki daga 0 zuwa 5, inda 0 ke nufin ko motsi babu, 3 tana iya ɗaga gaɓar amma ba ta jure turi, 5 lafiya lau. Ta ce in turo mata katin kafin in nuna wa kowa.